Jajayen Duwatsun Hanyar Belbeji

Na daɗe ina ɗage rubuta wannan labari, don ban yarda da abin da mutum yake rubutawa cikin fushi ba. Amma yau shekara biyu ke nan fushin bai sauka ba, saboda haka zan rubuta shi a haka. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kuma sunayen mutanen duk na sauya su. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Na sauka tashar Damagaram da jaka ɗaya da takardar ɗaukar aiki da aka rubuta da Faransanci, wadda ban iya karanta ko layi uku a cikinta ba. Na karanci injiniyan gine-gine a gida Najeriya, na gama bautar ƙasa, na zauna shekara ɗaya da rabi ina guge takalmi ina kai takardu ofis-ofis. Wani abokin yayana ne ya ce ana neman mai gwajin ƙasa a aikin wata hanyar burji a Damargu, tsakanin Gangara da Belbeji. An ce mota za ta jira ni a tasha. Na jira ta kwana biyu.

A rana ta uku wani direba ya rantse mini cewa Belbeji za shi. Na shiga. Can a hanya na ga wata mararraba ta yi yamma, na ji a jikina cewa nan ya kamata mu bi. Na buɗe baki zan tambaya, sai na ce a raina wataƙila akwai wata hanyar a gaba, ni baƙo me na sani, kar in kunyata kaina a gaban mutane. Na yi shiru har Tanut. Da na je wurin direban, ko kallona bai yi ba, yana kwance igiyar kaya ya ce, "Nan ne iyaka, ɗan Najeriya. Belbeji ai tun ɗazu muka baro hanyarta. Me ya hana ka magana?"

Na kawo wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da ya tafi Damargu. Ina ganin abu, in san ba daidai ba ne, sannan in samo wa mai yin sa uzuri kafin shi ya nema.

A Tanut wani mai shayi ya ga na zauna a kan jakata tun azahar, ya miƙo mini kofin tukudi mai sanyi ba tare da ya tambaye ni komai ba. Ban taɓa sha ba. Gero da dabino da cuku, ga shi na kwana biyu ban ci abin kirki ba, sai da na juya baya don kar ya ga idona. Shi ne kuma ya nuna mini wata tankar ruwa da ake yi wa faci a gefe, ya ce ta masu aikin hanyar ce. Direbanta wani Buzu ne dogo, Agali, mai rawani har hanci. Ya dubi takardata a juye, ya miƙo mini, ya ce, "Kai ne na labo? Tun wancan makon suke zagin ka ba ka zo ba. Hau."

Sansanin aikin yana wajen Gangara, su suna ce masa shantiye. Labo ɗin, wato ɗakin gwajin da aka yi mini alkawari, kwantena ce, rabinta kayan gwaji, rabinta katifata. Tanderun busar da ƙasa yana nan amma wutar janareta ba ta zuwa wajena, ofis kaɗai take tsayawa. Sikeli dai lafiyarsa ƙalau, na gode wa Allah a kan wannan. Yashin gwaji babu, sai da na je jigawa na ɗebo, na wanke, na shanya, na tankaɗe da rariya biyu, na auna shi sau bakwai kafin na yarda da shi.

Aikina, in an taƙaita, abu biyu ne. Na farko a labo. In ɗebo burji daga ramin da ake haƙa, in raba shi kashi biyar, kowane kashi in ba shi ruwa fiye da na baya kaɗan, in cusa shi a tukunyar ƙarfe hawa-hawa ina sakar masa guduma, in auna. Daga nan nake sanin ruwan da wannan ƙasa take so, da iyakar matsuwar da za ta iya yi. Na biyu a kan hanya. Bayan an shimfiɗa burji, an zuba ruwa, rola ta bi ta kai, sai in haƙa ɗan rami kamar zurfin kwano, in auna ƙasar da na fitar, in cika ramin da yashina don in san girmansa, in soya ƙasar a kasko har ruwanta ya fita, in sake aunawa. Idan matsuwarta ta kai kashi casa'in da biyar cikin ɗari na abin da na samu a labo, in sa hannu a takarda. Idan ba ta kai ba, a sake aikin.

Duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓe ya riga ya san wannan ilmi. Ina yaro na ga Ummata da maƙwabtanta sun yi wa ɗakin yayana daɓe, ana yayyafa ruwa ana bugu da madaɓi. In ruwa ya yi yawa ƙasa ta zame ta ƙi zama, in ya yi kaɗan a buga har hannu ya kumbura ba ta kama ba. Shekara biyar na yi a jami'a aka ba ni lambobin abin da Umma take ji a tafin hannunta. Duk ranar da na ɗaga gudumar nan a kwantena sai na tuna tsakar gidanmu. Waya kuwa ba ta kamawa sai na hau saman tarin burji, nan nake tsayawa cikin rana in kira ta. Kullum tambayarta ɗaya, ana ba ka abinci? Ta riga ta gaya wa unguwa kaf cewa ɗanta yana gina hanya a ƙasar Faransa.

Shugaban aikin shi ne Shef Lawali, mutum mai jiki, zai yi shekara hamsin, mai magana a hankali. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ina jin wannan na cikin abin da ya sa har yau ban huce ba. Ƙanena yake ce mini. A mako na biyu gwaji uku suka faɗi a jere. Na je ofis ina murza hannu na ce, "Shef, ina jin kamar bai kai ba, sai dai in ni na yi kuskure." Bai yi musu ba. Ya sa aka tone, aka jiƙa, aka sake bi da rola, ya kai. Da la'asar ya kira ni ya zuba mini shayi.

"Ƙanena, aikinka na da kyau. Abu ɗaya zan roƙa, don aiki ya tafi da tsari. Ka riƙa sa alama tun yamma inda za ka haƙa gobe. Kar gireda ta zuba maka sabon burji a kai, kar kuma ka tsayar mini da rola tana jiran ka zaɓi wuri. Nan haka muke yi."

Ya jawo gwangwanin jan fenti daga ƙarƙashin tebur ya miƙo mini.

Na sani. Ba zan ce ban sani ba. Malamin da ya koya mana gwajin ƙasa ya sha faɗa cewa mai gwaji ba ya gaya wa kowa inda zai haƙa, shi kansa kar ya sani sai ya isa wurin. Amma na ce a raina ƙasar mutane ce, wataƙila tsarin Faransa daban yake da namu, kuma mutumin nan sa'an babana ne, ya sake aiki ba gardama, da wane ido zan nuna ina zarginsa? Na karɓi fentin har da godiya. Na tsinci duwatsu masu kyau na shafa musu. Kowace la'asar in bi hanya in ajiye ɗaya duk bayan mita ɗari: ɗaya hagu, ɗaya tsakiya, ɗaya dama, sannan in sake daga hagu. Har ina jin daɗin yadda suke jeruwa.

Tun daga ranar gwaji bai sake faɗuwa ba. Casa'in da shida, casa'in da bakwai. Na ɗauka sun ji tsorona ne sun gyara.

Akwai injiniyan sa ido da mai aikin ya naɗa, su suna ce masa kwantarol. Mushe Ibrahim ake ce masa, wato Malam Ibrahim a bakin masu Faransanci, dattijo siriri mai tabarau, yana zuwa daga Damagaram ranar Alhamis, mako biyu sau ɗaya. Zuwansa na farko ya tsaya a kaina daga haƙa rami har lissafi. Ya ga ina share ramin da burushi don kar ƙwayar ƙasa ɗaya ta rage, ya ga na auna abu ɗaya sau uku. Ya juya ya ce wa Shef, "Wannan ɗan Najeriyar ya fi sikelinsa tsoron Allah." Aka yi dariya. Daga nan bai ƙara tsayawa a kaina ba. Ya ga hannuna a takarda, ya sa nasa a ƙasa, a rufe wurin da hawa na sama a wuce gaba.

A haka muka yi wata uku, muka ci kilomita huɗu da ɗoriya. Bazara ta kama sosai lokacin da aiki ya iso wata korama a ɓangaren Belbeji. A bushe take, rairayi ne kawai da ƙaya, amma an ce in damina ta sauka ko raƙumi ba ya ƙetare ta. Nan aka sa kwalbati, aka ɗaga hanya sama da tsayin mutum. Ƙauyen yana nan kusa, kafin a ƙetare koramar. Daga can wata tsohuwa, Inna Habsu, take zuwa da tukunyar shinkafa da wake da ƙwaryar fura, ta zauna a gindin aduwa tana sayar wa ma'aikata, awakinta guda tara suna biye da ita.

Tun ranar da ta gan ni da kasko a kan risho ta sa mini suna. "Mai suyar ƙasa, yau da man gyada ko da man shanu?"

"A bushe, Inna. Likita ya hana ta mai."

"Uwarka ta san abin da kake ci a nan kuwa? Zo ka karɓi fura kafin waɗannan kurayen su shanye."

Kullum sai ta ɓoye mini ludayi biyu na ƙasan ƙwarya, inda nono ya fi kauri. Sau ɗaya tak ta yi mini maganar mijinta. Ta ce bara ciwon ciki ya kama shi cikin damina, aka ɗora shi a amalanke za a kai shi asibiti Belbeji, suka tarar korama ta kawo. Kwana biyu suka yi a bakin ruwa, kafin ruwan ya janye mijin ya cika. Ta faɗi haka tana kankare tukunya, ta nuna tudun hanyar da ludayi ta ce, "Shi ya sa nake zuwa in ga ana yi."

Wata Litinin da hantsi ina cin shinkafa ta ce, "Ɗan nan, in za ka ajiye jan dutsenka yau, ka ɗan matso da ɗaya kusa da inuwa mana. Awakina na shan rana."

"Me ya haɗa awaki da dutsena, Inna?"

"Inda ka ajiye, nan tanka ke tsayawa ta yi ta zuba, rola ta zo ta yi ta kai da kawo. In sun tafi awaki su je su kwanta a kan sanyi. Sun san jan dutse fiye da yadda suka san ni."

Na yi dariya. Sannan na ɗaga kai na dubi hanya. Awaki uku suna kwance a hagu. Can gaba biyu a tsakiya. Can gaba kuma huɗu a dama. Tsakaninsu ba ko ɗaya.

"Sauran wurin fa?" na ce.

"Sauran ai wucewa take yi, tana ɗan tofi kamar mai addu'a. Ni na ɗauka haka daɓen boko yake. Mu dai da za mu yi daɓe a bushe, kaza ma sai ta tone shi."

Ban iya gama shinkafar ba. Na jira azahar, ma'aikata suka shige ƙarƙashin motoci suna hutawa, na ɗauki kayana na je wurin dutse na farko, na yi taku goma gaba, na durƙusa. A wurin alama sai na yi gumi kafin in huda ƙasa. Nan kuwa bugu biyu ƙarfen ya nutse kamar a gona. Na zuba ƙasar a kasko, ko tururi ba ta yi ba. Tamanin da uku. Na ce wataƙila ni ne, wataƙila yashina ya sha danshi, wataƙila iska ta taɓa sikeli. Na matsa na sake. Tamanin da biyar. Na sake. Tamanin da biyu. Na koma kwantena na sake auna yashin tun daga farko, ina roƙon Allah kuskuren ya zama nawa. Yashin lafiyarsa ƙalau.

Na tarar da Agali a inuwar tankarsa yana fifita gawayin shayi. Na tambaye shi. Bai yi mamaki ba.

"Ni direba ne. A da sawu shida nake yi, aka ce in yi biyu, na yi biyu. Aka ce in tsaya a jan dutse, na tsaya."

"Wata uku, Agali. Kullum muna shan shayi tare. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya sauke rawaninsa daga hanci, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya dube ni sosai. "Na ɗauka da kai aka shirya. Kai kake sa dutsen."

A duk abin da ya same ni a ƙasar nan babu maganar da ta ƙona ni kamar wannan. Ashe rabin shantiye suna ganina ɓarawo ne mai iya fuska, sauran rabin kuma sun san ba ɓarawo ba ne, wawa ne. Duk sharar ramin nan da burushi, duk aunawar nan sau uku, ita ce ta sa Mushe Ibrahim ya daina dubawa. Da malalaci suka ɗauko, da an kama su tun a Gangara. Sai suka samu mai tsoron kuskure, suka ba shi gwangwanin fenti.

Ranar Talata na shiga ofis da sakamakon guda uku. Na shirya maganganu masu zafi tun safe, amma abin da ya fito shi ne, "Shef, akwai wani abu da ban gane ba."

Ya duba takardar, ya ajiye, ya ce in zauna.

"Ƙanena, ka taɓa zuwa foraj ɗin da muke ɗebo ruwa? Je ka gani. Shanu da raƙuma sun yi layi tun asuba, mata da jarkoki. Tanka ɗaya in ta tsaya, awa biyu ba wanda ya sha. Ruwan da kake so in zuba wa ƙasa, daga bakinsu zan ɗauke shi. Ga patoro, mai kamfani, yana kirana kullum, a gama kafin ruwan sama. Kai kana da sikeli, ni ina da mutum sittin."

Ban ce maganarsa duk ƙarya ce ba. Na je foraj ɗin, wato rijiyar burtsatsen, na ga layin. Amma na ce, "To da an faɗa a fili mana. A rubuta cewa ruwa bai isa ba, a ƙara lokaci. Wannan tudun in korama ta kawo, ina jin ba zai tsaya ba."

"Kana ji, ko ka sani?"

Bai jira amsata ba.

"Bari in tuna maka wani abu," ya ce, muryarsa a kwance kamar kullum. "Takarda arba'in da ɗaya ka sa wa hannu. Ni ban iya sikeli ba. Ban taɓa zaɓar maka wuri ba, ban taɓa taɓa dutsenka ba. In hanyar ƙarya ce, ƙaryar wa? Wa zai sake ɗaukar ka aiki, nan ko can gidanku?" Ya turo mini takardu huɗu. "Waɗannan na korama ne, gwajin da ka yi a kan alamarka, duk sun haye. Ka sa hannu, jibi Mushe ya sa nasa, mu rufe. Ka koma wurin tsohuwarka da takardar yabo."

Na ɗauki takardun na ce, "Zan duba." Har yau in na tuna wannan "zan duba" sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Laraba na hau tarin burji na kira Umma. Ban gaya mata komai ba. Bayan ta tambayi abinci na ce, "Umma, in an yi daɓe aka ga bai sha ruwa ba, akwai dabarar da ake yi?"

"Wace dabara? A tone a sake. Kai da kake gina hanya kake tambayata daɓe?"

Da la'asar na ɗauki duwatsuna na jera su a kan tudun koramar kamar kullum, hagu, tsakiya, dama. Shef yana tsaye daga nesa, ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa.

Mushe Ibrahim ya iso Alhamis da hantsi. Aka shimfiɗa takardu a kan bonet ɗin motarsa. Ya ciro biro, ya duba, ya ce, "Ina hannun labo?"

"Mantuwa ce," in ji Shef. "Ƙanena, zo ka sa."

Na ce, "Mushe, in ba damuwa, ina ganin wataƙila da a yi gwaji ɗaya a gabanka tukuna. Tunda wurin korama ne."

"Dakwar, ba matsala," in ji Shef, har da murmushi. Ya wuce gaba zuwa dutse na farko, ya kori akuya da ƙafa, ya tsaya. Na ɗauki farantin gwaji da kwalbar yashi na bi shi. Da na iso dutsen ban tsaya ba.

"Ƙanena, ga alamarka nan."

"Na gan ta."

Na yi taku kamar ashirin na juyo na ce, "Mushe, kai ka zaɓa. Ko'ina, ban da inda akuya take."

Dattijon ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallon awakin nan, hagu, tsakiya, dama. Sannan ya taka a hankali har saman kwalbati, ya danna dugadugin takalminsa ya murza. Ya bar rami. Ya ce, "Nan."

Ma'aikata duk sun bar abin da suke yi. Na haƙa, na share, na auna sau uku kamar kullum. Na kunna risho. Daga gindin aduwa na ji Inna Habsu ta ce, "Wannan ai soyayyiya ce tun a gona." Ba wanda ya yi dariya. Mushe ya karɓi lambobin ya yi lissafin da kansa a wayarsa. Tamanin da uku.

Ya juya ga Shef ya yi ta magana da Faransanci, ban tsinci komai ba sai sunan Allah sau biyu. Sannan ya juyo gare ni da Hausa.

"Tun yaushe?"

"Tun mako na uku."

"Wa ke sa alamar?"

"Ni."

"A wace lakkwal aka koya maka haka?"

"Ba a koya mini ba, Mushe."

Bai yaba mini ba, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Ya ba da umarni a tone tudun koramar hawa-hawa, a jiƙa, a sake, kuma ya ce ba zai koma Damagaram ba sai an gama, shi zai riƙa nuna wurin gwaji. Na ce, "Na baya fa? Daga Gangara zuwa nan?" Ya mayar da tabarau, ya dubi wani wuri daban, ya ce, "Wancan an rufe, an karɓa. Ya wuce."

A nan ne na ga laifinsa. A kowace takarda cikin arba'in da ɗayan nan hannunsa yana ƙarƙashin nawa. Na sake cewa, "Amma Mushe," ya ce, "Ka yi abin da za ka iya. Je ka wanke kaskonka."

Kwana tara aka yi ana sake tudun. Agali ya koma sawu shida, kuma aka shirya da makiyaya tanka ta riƙa ɗiba da tsakar rana lokacin da layi ya ragu, abin da tun farko ana iya yi. Ba wanda yake zama kusa da ni wurin cin abinci. Ranar da gwaji na ƙarshe ya haye, a inda Mushe ya nuna da takalminsa, na sa hannu. Washegari aka ba ni wata takardar Faransanci. Shef da kansa ya karanta mini, a hankali, cewa kamfani ya gode, aikin labo ya ƙare. Saura kilomita da yawa a gaba. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, ƙanena." Kuma na karɓa. Wannan ma yana cikin abin da nake jin haushi.

Agali ya ce zai sauke ni a mararraba. Muka bi ta gindin aduwa. Inna Habsu ta ƙulle mini cuku huɗu a tsumma ta ce in kai wa uwata.

"Ka ɓata mini awaki," ta ce. "Kwana tara ko'ina sanyi, sun rasa inda za su kwanta."

Na bar mata kaskon. Ta juya shi ta duba gindinsa ta ce zai yi ƙosai in an wanke shi da toka.

Wata takwas na sake yi a gida kafin na samu wani aikin. Ban gaya wa Umma dalilin dawowata ba sai daga baya. Yanzu duk shugaban aikin da ya tambaye ni ina zan haƙa gobe, ina ce masa ban sani ba, kuma gaskiya nake faɗa.

A ƙarshen daminar shekarar Agali ya turo mini saƙon murya. Ya ce korama ta kawo sau biyu har ta kusa taɓa saman kwalbati, tudun yana nan, Inna Habsu tana haye shi zuwa kasuwar Belbeji da awakinta. Na saurari wannan ɓangaren sau da yawa. Sannan ya ce akwai hoto, in ina so in gani.

Hanyar wajen Gangara ce. Ruwa ya cinye ta, ta zama kwazazzabai, motoci sun koma bin gefen gonaki. Amma ba duka ta tafi ba. Duk bayan mita ɗari akwai wani ɗan wuri da ya tsaya daram, faɗin tabarma, sumul, ko tsagewa bai yi ba. Ɗaya hagu, ɗaya tsakiya, ɗaya dama, har iyakar inda hoton ya kai. Na san kowannensu. Kowanne yana da takardarsa a wani ofis a Damagaram, casa'in da shida, casa'in da bakwai, da hannuna a ƙasa.